Sashe na 14 na Yarjejeniyar Maputo: Abin da Ya Faɗa Daidai, da Inda Ya Yi Tuntuɓe

A ranar 11 ga Yuli, 2003, shugabannin ƙasashen Tarayyar Afirka suka amince da wata yarjejeniya a kan haƙƙin mata a Maputo, babban birnin Mozambik. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2004. Majalisar dokokin Nijar kuwa ta ƙi ta a 2006. Yawancin abin da ke ciki, fasto zai karanta ya ce amin: hana kaciyar mata, hana aurar da yarinya kafin shekara 18, kare gwauruwa daga cin zali, da ba ta haƙƙinta a gādon mijinta. Rigimar tana Sashe na 14, sakin layi na 2(c). Wannan wuri ya ɗora wa gwamnatoci su yarda a zubar da ciki a asibiti idan an same shi ta fyaɗe ko ta kwana da dangi na kusa, ko idan barin cikin zai cuci lafiyar jikin uwar ko ta hankalinta, ko zai sa ran uwar ko na ɗan tayin cikin hatsari.

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasashe ba ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka, kuma ba a yi wa wannan haka ba. Saboda haka dokar da ke aiki ita ce tsohuwar. A Arewa, sashe na 232 na Final Kod ya tanadi ɗauri har shekara 14 ga wanda ya sa mace ta yi ɓari da gangan, sai dai in ya yi da kyakkyawar niyya don ceton ranta. A Kudu, kundin laifuffuka ya ba wanda ya yi aikin shekara 14, matar kanta shekara 7, wanda ya samar da magani ko kayan aiki shekara 3. Ku lura da wannan “sai dai”. Shugabannin ikkilisiya da yawa ba su san yana nan ba. A ƙarshen Yuni 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci a kan zubar da cikin da doka ta yarda da shi. Ba a yi mako biyu ba Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su, bayan shugabannin addini sun ta da murya. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta riga ta fitar da irin nata tun 2018. Maganar za ta sāke tasowa, kuma ran da ta taso ku za a tambaya, a taron dattawa ko a bakin gadon asibiti.

Hujjar da ke bayan Sashe na 14 hujjar lafiya ce, kuma adalci ne mu ji ta da ƙarfinta kafin mu soke ta. Cewa suke yi: hani ba ya hana zubar da ciki, ɓoye shi yake yi. Cibiyar Guttmacher, tare da masana daga Jami'ar Ibadan, ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, duk da shekara 14 ɗin da ke cikin doka. Cibiyar tana goyon bayan a halatta, ya kamata a san wannan, amma ko an rage rabin adadin, abin da ya saura ya isa ya hana mu barci. 'Yar mai kuɗi tana samun likita a asirce. 'Yar talaka ita ce ke ƙarewa a bayan kantin kemis, ko wurin mai saƙe-saƙi, ko hannun wanda ya taɓa share ɗakin tiyata ya ga yadda ake yi. Misalin da suka fi kawowa shi ne Romaniya. A 1966 Shugaba Ceausescu ya hana zubar da ciki, ya kuma tsananta a kan magungunan tazarar haihuwa, don yana son yawan jama'a. Kafin mulkinsa ya faɗi a Disamba 1989, mata kimanin dubu goma sun mutu ta zubar da ciki a ɓoye. Da aka soke dokar, mutuwar mata masu ciki ta ragu da kusan rabi cikin shekara guda. Wannan ya faru, kuma mai wa'azin da ya yi kamar bai faru ba, ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a majami'arsa za ta daina saurarensa.

To, me hujjar ta tabbatar? Ta tabbatar cewa zubar da ciki a ɓoye yana kashe mata. Ba ta tabbatar cewa shi ne babban abin da ke kashe matanmu ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya nuna cewa a duniya zubar jini ke ɗaukar kimanin kashi 27 cikin ɗari na matan da ke mutuwa ta dalilin ciki, hawan jini da jijjiga kashi 14, ruɓar ƙwayoyin cuta kashi 11, zubar da ciki kuwa kimanin kashi 8. Hukumar ta ƙiyasta cewa mata 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya duka. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, a shiyyar Arewa maso Yamma, ba a kai haihuwa ɗaya cikin biyar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa ba. Matar da ke zubar da jini a bayan babur a kan hanyar zuwa babban asibiti, ta isa ta tarar ba jini, ba lantarki, likita ya tashi, gyaran sashe na 232 ba zai tsai da jininta ba. Folan tana da doka mai tsanani tun 1993, duk da haka tana cikin ƙasashen da mata suka fi tsira wajen haihuwa a duniya. Masu sukar wannan misali suna cewa matan Folan suna ƙetarawa Jamus ko su sayi ƙwaya ta gidan waya, kuma da gaskiyarsu. Ko da haka misalin ya nuna cewa asibiti mai aiki ya fi rubutun doka tasiri a kan wa za ta rayu. Kashi takwas ɗin nan ma 'ya'yan mutane ne, ba na raina su. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki mata 82,000 a jingina su gaba ɗaya ga sashe guda na doka.

Babban raunin hujjar yana wani wuri dabam. Tana ƙirga mutum ɗaya a ɗakin da Kirista yake ƙirga biyu. Idan abin da ke cikin mahaifa tsoka ce kawai, babu sauran gardama, a yi aikin cikin tsabta. Idan kuwa ɗan Adam ne, to “zubarwa marar hatsari” marar hatsari ce ga ɗaya kaɗai. Lissafin asibiti ba zai iya raba wannan gardama ba, domin sai an amsa ta ake sanin wa za a sa cikin lissafin. Abin mamaki, shi kansa Sashe na 14 ya yi suɓutar baki a nan: ya ambaci ran ɗan tayi. Ya yarda akwai rai, ya yarda ran yana iya shiga hatsari, sa'an nan maganin da ya bayar shi ne a kawar da mai ran. Na gane abin da marubutan suke nufi, wato tayin da likitoci suka ga ba zai rayu bayan haihuwa ba, kuma wannan baƙin ciki ne na gaske ga iyaye. Amma kalmar da suka zaɓa ta buɗe tambayar da sauran sashen yake ƙoƙarin wucewa ta gefenta.

Mu ma sai mu duba yadda muke amsawa daga Littafi Mai Tsarki, domin sau da yawa muna ɗora wa aya kayan da ya fi ƙarfinta. Zabura 139:13-16 da Irmiya 1:5 su ne aka fi ja. Suna koya cewa Allah yana aiki a cikin mahaifa, yana kuma sanin mutum tun can. Amma ta Irmiya tana maganar sanin Allah tun kafin a siffata shi, wato kira da zaɓe, ɗalibin likita mai wayo kuwa zai nuna muku haka cikin minti ɗaya. Fitowa 21:22-25 ta fi wuya. Maza suna faɗa, suka bugi mace mai ciki, 'ya'yanta suka fito. In babu lahani, tara ce. In akwai, rai a bakin rai. Kalmar lahanin a Ibraniyanci ita ce ason, wadda Yakubu ya yi amfani da ita sa'ad da yake tsoron abin da zai sami Biliyaminu a hanyar Masar, a Farawa 42. Lahanin wa ake nufi? Idan na uwar ne kaɗai, to mutuwar tayin tara ce kawai. Idan ya haɗa da jaririn, to ayar tana maganar bakwaini da ya fito da rai, kuma ransa daidai yake da na kowa. Juyin Turanci sun rabu a nan: RSV ta ɗauka ɓari ne, NIV ta ɗauka haihuwa ce kafin lokaci. Ku buɗe juyin Hausa da ke hannunku ku ga gefen da ya bi, ku kuma sani cewa mai juyi ne ya yi muku zaɓin. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci sun bi hanya ta uku: suka bambanta tayin da ya riga ya siffatu da wanda bai siffatu ba. Daga nan Agustin ya ɗauki wannan bambanci, ko da yake bai taɓa halatta zubarwa a kowane mataki ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin wannan tattaunawa a kan kwana 120 da busa rai, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasarmu kuwa tana cikin waɗanda suka fi tsanani tun daga farkon ciki.

A ganina ginshiƙin da ya fi ƙarfi shi ne zaman Kalma mutum. Ɗan Allah bai fara zama mutum a komin dabbobi ba. Ikkilisiya tana shaida cewa an ɗauki cikinsa ta wurin Ruhu Mai Tsarki, kuma wanda Maryamu ta ɗauka tun ranar farko shi ne Ubangiji. Alisabatu ta kira ta uwar Ubangijinta tun cikin yana ɗan kwanaki. Luka, wanda Bulus ya kira likita, ya yi amfani da kalma ɗaya, brefos, ga Yahaya yana motsi a ciki a sura 1 da kuma Yesu kwance cikin tsummoki a sura 2. Ku haɗa wannan da siffar Allah a Farawa 1:27 da 9:6, za ku ga dalilin da ya sa Didake, littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na fari ko farkon na biyu, ya hana zubar da ciki tare da kashe jariri a wuri ɗaya, a duniyar da Romawa suke yar da jarirai a juji.

Da wannan ma'auni, sai mu koma ga dalilan da sashen ya jera. Na ran uwa ba ya bukatar dogon bayani, dokarmu ma ta riga ta yarda da shi. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa kusan ba ya taɓa zama jariri, yana kuma iya fashewa ya kashe matar. Jijjiga mai tsanani takan tilasta a fitar da ɗa kafin ya isa rayuwa. Likitan da ya yi haka yana ceton ran da ake iya ceto. A Oktoba 2012 Savita Halappanavar, likitar haƙori, ta mutu a Galway ta ƙasar Ayalan tana da cikin mako 17 da ya riga ya kama hanyar ɓarewa, domin an jinkirta fitar da shi muddin zuciyar tayin tana bugawa, har cuta ta shiga jininta. Ɗan bai tsira ba, uwar ma ta tafi. Shi ya sa nake ganin ikkilisiya ta yi gaggawa a batun Legas. Inda aka ga ƙa'idojin sun zarce doka, sai a nuna layin a ce a gyara. Barin likita ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba yana nufin zai tsaya yana tunanin shekara 14 yayin da matar wani take suma.

Dalilin lafiyar hankali shi ne wanda ba zan iya sa masa hannu ba, kuma tarihinsa ne ya hana ni. A 1938 wani likita a Landan, Aleck Bourne, ya zubar da cikin yarinya 'yar shekara 14 da sojoji suka yi wa fyaɗe, ya kai kansa ga hukuma, kotu ta sallame shi a kan cewa barin cikin zai rushe yarinyar a jiki da hankali. Ƙofa ce ƙarama da aka buɗe saboda tausayi. Dokar Birtaniya ta 1967 ta faɗaɗa ta, yau kuwa kimanin kashi 98 cikin ɗari na cikin da ake zubarwa a Ingila da Wales a ƙarƙashin sashen lafiyar matar ake rubuta su, kusan dukansu da sunan lafiyar hankali. Bourne kansa ya ga inda abin ya nufa, ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta yi adawa da dokar 1967. A 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta fitar da bayaninta a kan Sashe na 14, ta ce a fahimci lafiya bisa ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato cikakken jin daɗi na jiki da hankali da zaman jama'a. Wace mace ce mai cikin da ba ta so take da cikakken jin daɗi? Da wannan fassara, abin da aka rubuta kamar keɓantaccen dalili ya zama izini ga kowa. Wanda yake son a halatta zubar da ciki ga duk mai so, ya fito fili ya faɗa, a yi gardamar da rana.

Fyaɗe ne wurin da ya kamata harshen fasto ya yi nauyi. Ga ikkilisiyoyin Borno da Adamawa da Yobe wannan ba darasin aji ba ne. An sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilu 2014, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyar EYN, waɗansu sun dawo da goyo, kuma akwai ɗaruruwan mata a wasu garuruwa da ba wanda ya buga sunansu a jarida. Maimaitawar Shari'a 22:25-27 ta wanke matar da aka fi ƙarfinta sarai, ta kwatanta abin da aka yi mata da kisankai. Sura 24 aya 16 ta littafin nan kuma ta hana a kashe ɗa saboda laifin ubansa. Ayoyin biyu suna tsaye tare, ba kuwa ni da ikon share ɗaya don in sauƙaƙa wa kaina. Saboda haka ba zan iya koya cewa zubar da wannan ciki daidai ne ba. Amma wanda zai ce wa yarinya 'yar shekara 15 ta ɗauki wannan kaya wata tara, ya san abin da yake roƙo. In ikkilisiyarsa ba ta shirya ɗaki, da kuɗin awo, da mai riƙon jaririn, da hanyar komawa makaranta ba, in kuma matan unguwa za su riƙa kiran yaron ɗan Boko Haram ba wanda ya tsawata, to ya zama irin waɗanda Ubangiji ya yi wa faɗa a Matiyu 23:4, masu ɗaura wa mutane kaya ba sa taɓawa da yatsa.

Akwai bambanci kuma tsakanin zunubi da laifin da hukuma take ɗaurewa a kai, kuma masu goyon bayan Maputo da mu masu sukarta duka mukan haɗa su. Zina zunubi ce, ba ma neman a kai kowane mazinaci kurkuku. Doka tana koyarwa, shi ya sa nake so ta ci gaba da cewa ran da ke ciki yana da kariya, ta kuma kama mai shagon da ke cin kuɗi da jinin 'yan mata. Shekara 7 ɗin da ake yi wa matar barazana da su kuwa, ban ga ran da suka ceta ba. Abin da suke yi shi ne su sa yarinya ta kwana uku tana zubar da jini a ɗaki don tsoron tambayar da za a yi mata a asibiti. Wankin ciki bayan ɓari, ko na Allah ne ko na hannu, ba laifi ba ne a dokar Nijeriya, ya kamata kowace shugabar Zumuntar Mata ta san haka. Iyayen ikkilisiya sun riga mu tunani a nan. Majalisar Ankira ta 314 ta rage horon irin wannan mace daga na har mutuwa zuwa shekara goma. Basil na Kaisariya, a wasiƙarsa ta 374, ya ƙi bambancin siffatacce da marar siffa, ya kira abin kisa, duk da haka ya riƙe shekara goman, ya ce a duba irin tubar fiye da tsawon lokacin. Ya kuma ambata cewa matan da kansu sukan mutu a wannan yunƙuri. Hujjar lafiya ke nan a bakin bishop na ƙarni na huɗu, kuma a wurinsa ba ta yi karo da kare ɗan tayi ba.

Sauran abin da ke hannunmu shi ne horo. A ikkilisiyoyinmu da yawa, budurwar da cikinta ya fito ana sanar da sunanta a gaban jama'a, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta Jibin Ubangiji, a mai da ita bencin baya. Wadda ta je kemis a ɓoye tana nan a layin gaba da rigar mawaƙa ranar Lahadi. Kowace yarinya a majami'a tana ganin wannan, tana kuma iya lissafi. In uban dattijo ne ko fasto, matsin ya ninka, wani lokaci ma uwar ce take kai ta da kanta don a rufa asirin gida. Namijin kuwa sau da yawa ba a ji sunansa. Farawa 38 ta riga ta zana mana hoton: Yahuza ya ba da umarni a ƙone Tamar saboda cikin da shi ne ubansa, sai da ta fito da hatiminsa da sandansa. Ba cewa nake a daina horo ba, gama 1 Korantiyawa 5 tana nan. Horon ya zama a kan fasikancin, ya hau kan mutum biyun daidai, a kuma faɗa a fili cewa cikin kansa ba shi ne zunubin ba, wadda ta riƙe shi kuwa ta yi abin da ikkilisiya take koyarwa. Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da abin da za a hore ta a kai ko kaɗan. Idan kun koma ikkilisiyoyinku lokacin hutu, ku roƙi magatakarda littafin rahoton majalisar dattawa na shekara goma da suka wuce, ku ƙirga mata nawa aka sa a horo saboda ciki, maza nawa, ku zo da adadin aji.